Awon Tela

Ni tela ne a Lima, shekara arba'in da ɗaya,
kan keke guda, a shago mai ƙofa ɗaya.
In ka tsaya gabana, kafin ka ce uffan
na san faɗin kafaɗarka.
Ido ba mudu ba ne, amma nawa ya tsufa a awo.

Jiya jikana Wilmer ya shigo da taswirar makaranta,
ya shimfiɗa ta kan teburin yanka,
ya danne bakinta da almakashi da gwangwanin maɓallai.
Ya ce, Kaka, ga mu nan, ga Madrid can,
inda Mama take.
Na ɗora babban yatsa kan garinmu,
na miƙa na tsakiya, ya sauka daidai kanta.
Taƙi ɗaya.
Ko hannun rigar jariri ya fi haka.

Yaron ya yi dariya, ya karanto mini daga waya:
kilomita dubu tara da ɗari biyar, da 'yan kai,
awa goma sha biyu a sama, in iska ba ta yi gardama ba.
Duwatsu tukuna, sai daji, sai ruwa,
ruwa, ruwa, har barci ya sace ka,
ka farka, ruwan dai.

Na ce, mayar mini da shi yadi, shi na sani.
Ya danna, ya ce ya haura miliyan goma.
Na tuno bandiran kasuwar Gamarra,
na ƙulla su baki da baki a raina,
suka ƙare ban ga gaɓa ba.

Shekara bakwai ke nan da tafiyar Nelida.
Tana jinyar wata tsohuwa, Amparo,
ta juya ta, ta ba ta miya a cokali, ta yanke mata farce.
Nawa farcen, yaron nan ke yankewa, yana ɓata fuska.
In na buɗe shago, ta ci abincin rana.
In na rufe, ta yi nisa a barci.
Rana ɗaya muke rabawa, ita ke fara ɗiba.

An ce zumunta a ƙafa take.
Wanda ya faɗa bai ga teku ba.
Ranar da muka binne uwarta
jirgin ya tashi kan lokaci, kamar kullum,
takardarta ce ba ta fito ba.
Wilmer ya ɗaga waya bisa kabari
har hannunsa ya sage.

Yanzu Disamba, gumi nake yi kan keke,
ita kuwa ta ce sanyi na shiga mata har ƙashi.
Na sayi ulu ruwan toka, yadi uku,
na buɗe tsohon littafin awo:
kafaɗa sha biyar, hannu ashirin da biyu,
da rubutuna na wancan lokaci, mai tsayuwa da kyau.
Na riƙe alli, na kasa ja.
A waya fuska kawai nake gani,
fuska kuwa ta iya ɓoye rama.

Nisan garinta, yaro ya faɗa mini har 'yan kai.
Faɗin bayan 'yata, ban sani ba.

Na yanka dai.
Na bar yatsa uku a cikin kowane ɗinki,
in ta cika, ta farke, akwai wuri.
In ta rame, ta naɗe hannu, kada ta gaya mini.

Maƙwabciyarmu Eulalia za ta tashi ran Alhamis,
ta ce kilo biyu ya rage a akwatinta.
Na kai kwat ɗin sikelin mai kifi:
biyu, ba kaɗan.
A aljihun ciki, na hagu,
na sa zare ja, taƙi ɗaya cif,
ban rubuta komai ba.
'Yar tela ce, za ta gwada da hannunta.